Cin fara da shinge a gidan da rumbu ya ƙare: nazarin daminar 2024 a wani ƙauyen Daura

Gidan, kafin lamarin

Gidan yana wani ƙauye arewa da Daura, a kan jigawar da ta miƙe har iyakar Kwangwalam. Baki bakwai ke ci a tukunyarsa: uwar gida mai kimanin shekara arba'in, surukarta da ido ya fara yi wa hazo, da 'ya'ya biyar. Babban namiji ne ɗan shekara 17, sai budurwa 'yar 14, sai maza biyu masu 10 da 7, sai autar da aka haifa a tsakiyar 2022. Ni malamin gona ne, ƙauyen yana cikin waɗanda nake zagayawa, kuma marigayi mai gidan ya sha zuwa wurina neman irin wake. Abin da ke cikin wannan rubutu, wani na gani da idona, wani uwar gidan ce ta faɗa min na sa a littafina. Na bar sunayensu da na ƙauyen domin yunwa asiri ce a wurinmu. Mace takan ɗora ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi.

Ko a shekara mai albarka gonarsu ba ta kai su wata kaka. Takan ba da dami arba'in na gero, da 'yar dawa da wake a tsakanin kunya. Damin yankin, in an sussuka an sheƙe, da wuya ya wuce tiya biyar, gidan kuwa yana cin tiya ɗaya da rabi a rana. Abincin wata huɗu da rabi ke nan. Sauran watannin mai gidan ke cikewa da cin-rani: da an kai amfani gida sai ya yi kudu yana ga-ruwa, yana aiko da abin da ya samu.

Ya rasu a watan Mayun 2023, ana jiran ruwan shuka. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, suka haɗiye shuka da firi da maimai gaba ɗaya. 'Yan uwa sun yi mata gayya sau ɗaya, sauran aikin ya faɗo kan babban ɗan da ƙannensa. Taki bai shiga gonar ba. Da kaka suka ɗaure dami 24.

A waje ma abubuwa sun haɗu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, cikin Agusta aka rufe iyaka, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Ga mutumin Abuja wannan labarin rediyo ne. Ga yaron da ke dako a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, kamar babban ɗan gidan nan, kuɗin gishiri da kanwa ne suka tsaya. Zuwa tsakiyar 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta bara.

Nuwamban 2023 zuwa Afrilun 2024: cin rumbu

Tun da wuri uwar gidan ta rage awo zuwa tiya ɗaya. Ta shiga dakau da surfe a gidajen masu hali, ana biyanta da ɗan hatsi, wani lokaci da dusa. Ta yaye autar a Fabrairu. A Afrilu ta sayar da ɗaya daga cikin awakinta uku, kuma a makon ƙarshe na watan aka share gindin rumbu.

Da kakar 2023 fara ta yi yawa a gonakin yankin. Babu wanda ya tara ta a gidan, ban da yaran da ke gasa 'yan ƙwarori a bakin murhu don marmari.

Mayu da Yuni: daren shinge

Tsohuwar ce ta fara kawo maganar ƙwari. Tana budurwa aka yi farin 1973, kuma ta ga dangin da suka ƙetaro daga Damagaram a 2005, bayan farar ɗango da ƙarancin ruwa sun cinye amfanin 2004. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, da ta ji shinge yana bugun fitila, sai ta ce wa surukarta, “'Yar nan, ɗauko babbar roba ki zuba ruwa. Wannan mai ne Allah ya aiko, kar ki bar wa kwaɗi.”

Suka rataye fitila mai batir a kan robar. Shinge yana bin haske, yana faɗawa ruwa, fiffikensa yana jiƙewa. Da ya taru sai a tsame, a zuba a kasko ba tare da ko ɗigon mai ba, domin shi da kansa yake fitar da mansa. In ya yi ƙaras-ƙaras sai a baza a faifai a feƙe fikafikan, a barbaɗa gishiri. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba da ta kira shi mai. Shinge gara ce mai fiffike da ke fita neman kafa sabon suri, jikinta cike da kitsen da za ta rayu a kansa, wanda kan kai kusan rabin nauyinta in ta bushe. A gidan da man gyaɗa ya yi wata biyu bai shiga ba, wannan ya canza ɗanɗanon kwaɗon yaɗiya da na tafasa.

Sau uku ya fito cikin mako biyu. Daren farko da na biyu sun ba da kimanin kwano biyu na soyayye. Na ukun sun gaji, suka bar shi cikin ruwa har safiya, ya ruɓe, kaji suka amfana. Daga nan bai ƙara fitowa da yawan da za a tara ba.

Ba kowa ne ya ci ba. Ƙananan mazan biyu sun yi wawa a kai. Budurwar ta ƙi ko taɓawa, ta ce abincin kaji ne, kuma in ƙawayenta suka ji ta shiga uku. Babban ya ci a ɓoye. Kwano biyun ya ƙare cikin kwana shida.

Yuli: gyare, da awon hannun auta

A Yuli gidan ya koma ci sau ɗaya a rana: garin kwaki in an samu, in ba a samu ba kunun dusa da ganye. An sayar da akuya ta biyu a ƙarshen Yuni. Yaran biyu, da suka ɗanɗana shinge, suka shiga haƙar gyare a gefen gonaki. Tun hantsi har azahar sukan dawo da goma sha biyar ko ashirin. Bayan kwana huɗu kunama ta harbi ƙaramin a yatsa, uwar ta hana. Ko ba kunama, lissafin bai fita ba: ƙarfin da yaro ke ƙonawa yana haƙa a rana ya kusa cinye abin da zai samu, ga gonarsu tana jiran maimai.

Fara kuwa a Yuli 'ya'ya ce. Ƙwan da aka binne a ƙasa tun bara ne yake ƙyanƙyashewa bayan saukar ruwa, sai ka ga ƙanana marasa fiffike suna tsalle a ciyawa, ba abin da za ka cika hannu da shi.

Na zauna na yi lissafin da nake ganin duk mai maganar ƙwari a matsayin abincin ceto ya kamata ya yi. Tiya ɗaya ta gero ta kusa kilo biyu da rabi. Busasshiyar fara, kilo da kilo, ƙarfin da take bai wa jiki bai fi na gero da wani abin kirki ba. Ɗanyarta kuwa kusan kashi biyu cikin uku ruwa ne. Ashe kafin gidan ya maye gurbin tiya ɗaya sai ya kama kilo shida ko fiye na ɗanyar fara, wato dubban ƙwari, kowace rana. Inda ta yi wa gero nisa shi ne sinadarin gina jiki: fiye da rabin nauyin busasshiyarta, alhali gero bai cika wuce kashi 11 cikin ɗari ba. Tana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Autar ce ta fara nuna alama. Ta daina wasa, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ga gudawa tana tafiya tana dawowa. Uwar ta ji ana cewa fara tana gina jiki, ta saya ta gwangwani ɗaya a kasuwa da kuɗin surfen kwana biyu, ta ba yarinyar yadda manya ke ci. Yarinyar ta haɗiye wasu da ƙafafunsu. Ƙafar fara tana da ƙayoyi kamar zarto, kuma hanji ba ya narkar da su. Ta kwana biyu tana kukan ciki ba ta yi bayan gida ba.

A mako na uku na watan wata ma'aikaciyar lafiya da ke bi gida-gida ta ɗaura mata zaren awo a damtse. Santimita 11.2. Duk abin da ya gaza 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Ta latsa ƙafafunta ba kumburi, kuma yarinyar tana karɓar abinci, don haka ba a kwantar da ita ba. Aka sa ta a layin masu karɓar abincin tamowa na leda, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, kowace leda giram 92 mai ɗauke da kalori 500. Mako biyun farko awon bai motsa ba. Da ma'aikaciyar ta matsa da tambaya, uwar ta sunkuyar da kai ta ce yayyenta suna lasa. Ban ga laifinta ba. Daga nan aka riƙa ba yarinyar nata a ɗakin tsohuwa, ƙofa a rufe.

Ƙarshen Agusta: farar gonar wake

Wake ya fara fure, masu hali sun fara feshi. Wata safiya ɗan shekara goman ya bi ta gefen gonar wani maƙwabci ya tarar da fara zube a ƙasa, wasu sun mutu, wasu suna motsi da ƙyar. Bai taɓa samun kamu mai sauƙi haka ba. Ya cika aljihun rigarsa, ya kira ƙanensa, suka gasa a bayan gida suka cinye. An yi wa gonar feshi da yammacin jiya.

Kafin azahar dukansu biyu suna amai. Ɗan shekara goman ya fi jin jiki: miyau yana dalala, gumi yana karyo masa, gudawa, jiki yana rawa, baƙin idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. Waɗannan alamomin maganin ƙwari ne irin dangin fiya-fiya, mai hana jijiyoyi hutawa. Gashi ba ya kawar da shi ta yadda za a amince a ci. Tsohuwar ta nemo manja a maƙwabta ta ɗura musu, kamar yadda aka saba. Wannan ba ya karya gubar, kuma yaron da ke amai yana iya shaƙe shi ya wuce huhu. Mai gonar ne, da labari ya kai masa, ya ɗauko mashin ɗinsa ya kai su asibiti, ya kuma yi hankalin tafiya da robar maganin don a ga irinsa. An yi wa ɗan shekara goman allurar atirofin sau da yawa, ya kwana biyu. An sallami ƙaramin a ranar. Akuya ta uku ta tafi a kuɗin magani.

Bayan kwana biyu da dawowarsu uwar ta aika babban ɗanta wurin limamin ƙauyen, domin wata maƙwabciya ta ce mata abin da ya same su sakamakon cin ƙazanta ne. Na samu yaron ya maimaita min amsar. Liman ya ce fara halal ce ba tantama: sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa ya ce sun yi yaƙi bakwai tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cin fara. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, fara tana buƙatar a kashe ta da niyya da bisimilla, ko ta cire kai, ko jefawa a wuta ko tafasasshen ruwa. Wadda aka tsinta a mace ba a cinta. Haka hukuncin yake ga sauran ƙwarin ƙasa irin su shinge da gyare, matuƙar ba sa cutarwa. Ya ce masa, “Ka gaya wa innarka ba ta yi laifi ba. Ka gaya wa ƙannenka abin da ba su kama da rai ba, su bar shi inda suka gan shi.”

Na yi shekaru ina gaya wa manoma kada a ci farar da aka yi wa feshi, da sunayen magunguna da kwanakin jira. Ban taɓa jin an taƙaita ta yadda yaro zai riƙe kamar haka ba, ko da yake ban da matacciyar, mai rai ma da ta fito daga gonar feshi abin gudu ce.

Satumba zuwa Nuwamba: lokacin fara

Gero ya nuna a Satumba, aka fara tumu, yunwar ta sassauta. A tsakiyar watan aka sallami autar, awonta ya kai 12.6. Daidai lokacin ne kuma fara ta girma ta yi fiffike ta cika gonaki, tana cin zangarniyar da ke da ruwan nono.

Na zaci bayan abin da ya faru uwar gidan ba za ta ƙara yarda a ambaci fara a gabanta ba. Sai ga shi ita ta tare ni a hanya. “Malam, wadda ake sayarwa a kasuwa da tsada haka, ba irin ta gonarmu ba ce?” Gwangwanin nan na Yuli ne ya tsaya mata a rai. Na ce ita ce. Da yawa daga Nijar ake kawo ta, daga wajen Maraɗi da Damagaram, mata su sara su kai Katsina da Kano, a soya da yaji da albasa da lemon tsami a sayar wa 'yan makaranta da matan aure.

Suka fara fita su uku, ita da babban da budurwar, wadda ba ta ga abin kunya a kamawa ba tunda sayarwa za a yi. Ƙa'idojin da suka bi kaɗan ne, kowace kuma akwai abin da ya haife ta. Ba sa shiga gonar wake ko wadda ke maƙwabtaka da ita. Gonakin gero da dawa da saura suke bi, su ma sai sun tambayi mai gona ko ya yi feshi. Da asuba suke fita, lokacin da raɓa ta jiƙa fikafikan fara kuma sanyi ya ɗaure ta, ana tsinkar ta a jikin kara kamar 'ya'yan itace. Da rana ta ɗaga ko mai gudu ba ya kama goma. Masu sana'ar da yawa da dare suke yi da cocila, amma ni na hana su, domin kaka lokacin kububuwa ne, kuma ba su da takalmin danƙo ko ɗaya. Sai gari ya yi shaa suke shiga. Tsohuwar ta ƙara musu tata: kada su taɓa farar tumfafiya, mai zanen rawaya da baƙi-baƙi. Tana cin ganyen tumfafiya ta adana dafinsa a jikinta, shi ya sa take zaune a fili ba ta tsoron tsuntsu.

In sun dawo sai a bar farar cikin buhu har la'asar ta zubar da abin da ke cikinta. Sannan a yi bisimilla a juye ta da rai cikin tafasasshen ruwan gishiri, ta ɗan jima har ta yi ja, a tsame a shanya a kan rufin ɗaki. In ta bushe fikafikai da ƙafafu suna karyewa da murza kaɗan, a feƙe a faifai.

Kamun makon farko ya lalace. Yini ɗaya ta shanya, ta ga bayanta ya bushe, ta ƙulle a leda. Cikin farar da sauran danshi, kuma iskar ƙarshen Satumba ba ta gama bushewa ba. Bayan kwana biyar ta buɗe ta tarar da fumfuna da wari. Kwano uku aka binne. Daga nan sai ta yi kwana uku a rana, har in an matsa ta fashe kamar ƙuli, kafin a ɗauke. Wadda za a ajiye kuwa na ce ta zuba a busasshiyar jarka ta toshe bakin da leda ta murɗa marfi, yadda muke adana wake ba magani. In iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki ba ya rayuwa.

Cikin mako bakwai sun tara kwano talatin, har da ukun da suka lalace. Ta sayar da goma sha takwas ga masu sari a kasuwar Mai'adua, a Lahadi uku. Da yake kaka ce hatsi ya sauko, kowane kwano ya sayo mata kusan tiya biyu na gero. Tiya 36 ke nan, fiye da dami bakwai, a kan dami 35 da gonar ta bayar a wannan shekarar. Kwano tara ta rufe a jarka.

Akwai wani ƙaramin abu da tsohuwar ta farfaɗo da shi a lokacin. Ta sa a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife a kan hanyar gara. Da safe a ɗaga a zazzage wa kaji. Kaji uku da suka rage suka koma ƙwai ba tare da an taɓa hatsi ba. Sai da aka ɗan yi ja-in-ja kafin ta yarda a ba autar ƙwan, saboda tsohuwar maganar nan cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama.

Disamban 2024 zuwa Agustan 2025

Babban ɗan ya tafi cin-rani a Disamba, karon farko, ya bi mutanen da mahaifinsa ke bi. Abin da yake aikowa bai kai na uban ba, amma yana zuwa. Rumbu ya kai su ƙarshen Yuni, wata biyu fiye da bara.

Farar jarka ba a ci ta a matsayin abinci ba. Uwar takan ɗebi kaɗan ta ƙara gasawa a kasko, ta daka a turmi, ta tankaɗe da rariya mai laushi. Cokali ɗaya a kunun autar da safe, cokali biyu ko uku a miyar kuka a madadin nama. Na ce ta fara da ɗan kaɗan ta lura, domin wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki, fara ma tana iya yi masa haka. Babu wanda ya nuna alama. Budurwar da ta ƙi shinge ta sha miyar wata da watanni, ta sani kuma ba ta ce komai ba.

Zuwa Mayu abin da ya rage a ƙasan jarkar ya fara warin tsohon mai, saboda yawan buɗewa da zafin bazara. Sun ci gaba da amfani da shi a miya har ya ƙare a tsakiyar Yuli. Shinge ya fito sau biyu a Yuni, an soya duka a daren. A Yuli da Agusta sun ci sau biyu a rana mafi yawan kwanaki. An auna autar a Agustan 2025, santimita 13.4.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

A 2013 FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoton da ya ce mutum kimanin biliyan biyu ke cin ƙwari, nau'i fiye da 1,900. Tun daga nan ake yawan jin cewa wanda yunwa ta kama a karkara abinci na kewaye da shi, ya miƙa hannu kawai. Abin da na gani a gidan nan bai goyi bayan wannan ba. A watannin da suka fi buƙata, Yuli da Agusta, ƙwarin ba su nan: shinge ya wuce, fara ba ta girma ba, gyare ba ya biyan wahalarsa. Ranar da aka samu fara da sauƙi a Agusta, feshi ne ya kayar da ita, kuma ta ci musu akuyarsu ta ƙarshe. Duk abin da ƙwari suka ba gidan a daminar 2024 bai kai abincin kwana uku ba.

Autar kuwa abincin tamowa ne ya tashe ta, bayan an hana yayyenta lasa. Da an tsaya ga fara a Yuli, ina jin da labarin ya canza. Ko rashin komawarta cikin tamowa a 2025 ba zan jingina shi ga garin fara kaɗai ba, domin ta ƙara shekara, ga ƙwai, ga hatsin da ya ƙaru, ga kuɗin cin-rani. Abin da zan iya cewa shi ne kunun da take sha ya fi na bara gina jiki, kuma ba a sayo abin da aka ƙara masa ba.

Inda fara ta yi amfani na zahiri wuri biyu ne, dukansu kuma bayan an kama ta a lokacinta an busar. Na farko kasuwa: mutanen birni suna biyan kuɗin marmari a kanta, don haka kwano ɗaya da aka sayar ya ciyar da gidan fiye da kwano ɗaya da aka ci. Na biyu turmi, wanda ya kawar da matsalar ƙafafu ga ƙaramar yarinya da matsalar kunya ga babba. Tiya 36 abincin kwana 24 ne, ba na shekara ba. Dami goma sha ɗaya da gonar ta ƙara saboda an yi noma a kan kari sun fi su yawa. Amma a gidan da ba akuya ko ɗaya, kuma ba jarin da aka zuba sai buhu da gishiri da tashin asuba, kwana 24 daga cikin Yuni ba abin rainawa ba ne.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin gona shi ne feshi yana ƙaruwa a yankin kowace shekara, har a gonakin gero, kuma masu sari ba sa tambayar inda aka kamo. Ni da nake koya wa mutane feshin wake ni ne kuma na nuna wa matar nan gonakin da za ta bi. Da na koma ƙauyen a farkon Satumban 2025 na tarar ta sayi jarka biyu ƙanana maimakon babba ɗaya, don wadda ba a buɗe ba ta kai damina. Ta kuma ce min mata huɗu sun ce za su bi ta, tana tunanin ko farar saurar arewacin gari za ta ishe su su biyar.